Hannun da Na Hana a Taɓa

Bana aka yi wa jikata aiki a gwiwar hannu, bayan babur ya kayar da ita a Maradi. Da ɗinkin ya warke sai aka rubuta mata takarda, wai ta riƙa zuwa wurin wani ma'aikaci sau uku a mako yana murza mata tabon. Na raka ta rana guda. Ɗaki ne mai sanyi, da gado mai farin zane, da wani saurayi cikin farar riga, an rataye takardar shaidarsa a bango cikin gilashi. Ya matso mai daga wata 'yar roba, ya ɗora babban yatsansa a gefen tabon, ya shiga juyawa a hankali. Ganin na zuba masa ido sai ya zaci ban gane ba ne, ya ce, "Hajiya, wannan sabon ilimi ne. Tabo in an bar shi yakan manne da naman ƙasa, ya ja jijiya. Dole a riƙa motsa shi tun yana ɗanye." Yaron kirki ne, bai nufi komai ba. Amma ni sai na nemi kujera na zauna. Jikata ta ce ko sanyin ɗakin ne. Ba sanyi ba ne. Fushi ne da ya daɗe a ajiye, da kuma tsoron nan na yarinta wanda na ɗauka tsufa ya raba ni da shi. Tun ranar abin bai bar raina ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Dakoron da na tashi a ciki ba wannan ba ce. Yanzu kukan babur ke tada mutum, da injin niƙa, da waya. Mu rijiya ke tada mu. Tun hantsi bai yi ba za ka ji igiya na kuka a kan icen bakin rijiya, mai kora na yi wa takarkari tsawa, sa yana ja yana nisa har ya kusa ɓacewa kafin wasaki, wato babban gugan fata, ya iso sama, don rijiyoyinmu zurfi gare su na ban tsoro. Buzaye da raƙumansu na jiran layi, Fulani na gefe guda, matan gari na tsakani da tulunansu, kowa na ganin shi aka fi zalunta. Daga cikin gidaje kuma taɓarya, gida ya amsa wa gida. Mace a lokacin hannunta ne dukiyarta. Da shi take sussuka, da shi take surfe, da shi take tatsa, da shi take zuba iri a gamanarta, wato 'yar gonarta ta kanta. Wadda hannunta na dama ya mutu ta zama abin ciyarwa tun da ƙuruciyarta, a ba ta in an tuna, ta yi godiya a kan tuwon da a da ita ke tuƙawa. Ba wanda zai kore ta. Amma na ga irinsu, na ga yadda suke zama a bakin zana kamar baƙi a gidajensu.

Kakata, uwar babana, ita ce mai murza tabo a unguwarmu. Ba ta ɗori, ba ta tsaga, ba ta ba da sassaƙe. Wanzami ya yi nasa, maɗori ya yi nasa, in miki ya rufe sai a kawo mata. Wanda wuta ta ci, wanda sa ya soka, wanda lauje ya yanka, yaran da suka faɗa murhu. Kayan aikinta ƙoƙon man shanu ne, da ɗan kasko a kan garwashi, da manyan yatsunta biyu waɗanda suka baje suka yi faɗi saboda aiki. Takan ce sabuwar fata ɗanyen ƙirgi ce, yadda ka bar ta haka za ta bushe. Takan ce miki ya rufe baki ba warkewa ke nan ba, a lokacin ne ma aikin ke farawa. In babban mutum ya yi kuka a hannunta sai ta ce, "Yi abinka, ba ni faɗa ma matarka." Kuma da yamma za ta faɗa.

A ɗakinta na girma, don ni ce 'yar fari. 'Yan yanzu ba su san nauyin wannan ba. Ina ganin 'ya'yan fari suna kwanciya a cinyar uwayensu suna latsa waya, uwa na kiran sunansu da ƙarfi a tsakar kasuwa. Mu tun yaye aka kai ni wurin Kaka. Uwata ba ta faɗin sunana, ba ta duban idona, ba ta miƙo mini abu hannu da hannu. In tana so in yi wani aiki sai ta ce wa iska, "Tulun can ba ruwa." Ni kuma in ɗauka in tafi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ita nata mai tsanani ne har mata na yaba mata. Ban taɓa kiran ta Inna a gabanta ba. A takardar nan kawai nake kiran ta haka.

Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ba so aka yi aka kai ni ba. An ce kowace unguwa ta ba da yara, aka duba aka ga ni ce wadda uwarta ba za ta iya buɗe baki ta roƙa a bari ba. Kaka ta yi faɗanta ta gaji. Na yi ta garinmu, aka wuce da ni Maradi, daga can aka wuce da ni wata mai nisa ta kwana, inda 'yan mata ke sa takalmi suna cin abinci da cokali. A can aka koya mini cewa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, kuma gaskiya ne. Aka koya mini cewa duk abin da tsofaffinmu ke yi ƙazanta ce, wannan kuwa ƙarya ce, amma tare aka ba ni su a ƙwarya guda, na shanye. Ba abin da nake tsoro a duniya kamar a kore ni a ce ban waye ba. In na zo hutu Kaka takan dube ni sama da ƙasa ta ce, "Madamu ta iso. A share mata wuri kada ƙasarmu ta taɓa ta."

Shekarar da abin ya faru ruwa ya makara. Na zo hutu ke nan, kwana kaɗan, ana ta ɗibar rijiya kamar rani. Inna na bakin rijiya tana jiran wasakinmu ya iso ta kama. Mai kora ya kwance igiya daga jikin sa tun ba ta riƙe ba. Wasaki cike da ruwa ya juya ƙasa, igiya ta bi shi da gudu. Duk wanda ya tashi a nan ya san ba a kama igiya mai gudu, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san hannu ba ya shawara in ya ga wasakin gidansu zai tafi. Ta cafke. Igiyar kaba ta ci tafin hannunta na dama tun daga gindin yatsu har kusa da wuyan hannu. Ba ta yi ƙara ba. Matan da ke wurin ne suka yi mata.

Aka yi sa'a, ko abin da muka ɗauka sa'a ne, likitan Nasara mai zuwa rangadi yana gari ranar. Aka kai ta ɗakin magani, Kaka na gefe, ni ina biye. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya wanke ciwon da kyau, ya ɗinke, jini ya tsaya. Ya dunƙula auduga ya sa mata a tafin hannu, ya naɗe yatsun a kai, ya ɗaure da farin ƙyalle har hannun ya zama kamar ƙwallon goruba. Majo, wato babban ma'aikacin ɗakin maganin, ɗan ƙasa ne, shi ke fassara. Da likita ya ji na amsa wata magana da Faransanci sai ya juyo, ya tambaye ni wace lakwal nake. Na faɗa. Ya ce ya san shugabarmu, suna cin abinci tare. Sannan ya nuna Kaka da bakin almakashi, don ya ji warin mai a jikin zanenta, ya ce mini, "Ke mai ilimi ce, ke na ɗora wa. Ba mai, ba toka, ba hannun tsohuwa. Majo zai cire zare ya sake ɗaurewa yadda na yi. Kada kowa ya taɓa hannun nan sai na dawo bayan kasuwa uku. In na tarar da maiƙo, na san wadda zan rubuta wa." Majo ya ɗauko alƙalami ya yi alama a kan ƙullin, yadda in an kwance za a gane.

A hanya Kaka ta ce, "Mi yac ce da yan nuna ni?"

Na ce, "Ya ce kada a taɓa."

"Yau kam wa za ya taɓa? Ɗanyen miki ne."

"Ya ce har sai ya dawo."

"To Allah shi maido shi."

Kasuwa uku ta wuce, mako uku ke nan, bai dawo ba. Ruwa ya sauka, hanyar kudu ta yanke, mota ba ta wucewa. Majo ya cire zare, muka ga ciwon ya rufe, ja wur, ba ruwa ba wari. Kaka ta sunkuya ta duba, ta ce wa majo, "Ɗana, ya rufe. Yanzu nawa ne." Majo bai dube ta ba. Ya ce, "Iya, ni abin da anka ce mini shi nika yi." Ya mayar da auduga, ya naɗe yatsun, ya ɗaure, ya yi alamarsa. Shi ma tsoro yake ji, yanzu na gane. Yana da iyali, kuma takarda guda ta isa a jefa shi wani ƙauye a bakin hamada.

Da muka koma gida Kaka ta hura garwashi ta ɗora kasko. Ni kuwa na tsaya a ƙofar ɗakin Inna. Yarinya ce ni, ban fi ƙarfin tulu ba, amma na tsaya na baje hannuwa.

Ta ce, "Kauce, Madamu."

Na ce, "Kaka, zai gane. Zai rubuta."

"Shi rubuta. Takarda na buɗe yatsu?"

"Korata za a yi. Kuma in hannun ya ruɓe, gardi za su zo su tafi da ke, su ce ke kika kashe shi."

Ban san ko gardi, dogaran Nasara, za su zo ba. Na faɗa ne don na san kalmar da ke sa tsofaffi su yi sanyi. Kaka ta taɓa ganin an tasa 'ya'yanta gaba zuwa aikin hanya, ba ta manta ba. Ta juya wurin babana, wanda ke zaune yana gyaran sungumi, ta ce, "Kai kana ji?" Babana bai ɗago ba. Ya ce, "Ita taj ji bakinsu, Iya. Mu ba mu ji ba." Shi ke nan. Gida guda, da tsohuwar da ta buɗe hannuwan rabin unguwa, da magidanci mai furfura, aka bar hukunci a bakin yarinyar da ke rawar jiki don kada a rubuta sunanta. Wannan shi ne abin da zamanin ya yi mana, kuma shi ne abin da ba a faɗa in ana ba da labarinsa. Ana faɗin bulala da haraji. Ba a faɗin yadda aka ɗauke magana daga bakin manya aka sa a bakin 'ya'yansu. Da yammar nan na ɗauke ƙoƙon man Kaka na kulle a akwatina na lakwal. Kowace safiya kuma in bi ta gefen Inna kamar mai wucewa, in saci kallon ƙullin in ga ko alamar na nan.

Ita kuwa mai hannun ba wanda ya tambaye ta. Da wata ce ta tsaya a ƙofar, ko ƙanwata, ko kishiyar wata, da Inna ta ture ta ta miƙa wa Kaka hannu. Amma ni ce. Ba za ta yi gardama da 'yar fari ba, ba za ta roƙe ta ba, ba za ta ma nuna ta san ina wurin ba. Damina guda tana daka da hagu, taɓarya na kuɓuce mata, maƙwabta na shuka mata gamana. Wata rana ina tankaɗe, tana watsa wa kaji dusa, sai na ji ta ce wa kajin, "Hannun ga ja shika yi. Kamar ana ɗaure shi daga ciki." Na gane da ni take. Wallahi na gane. Iyakar roƙon da al'ada ta bar mata ke nan, kuma ta yi shi. Ni ma sai na dubi rariya na ce, "An ce kada a taɓa." Ta ci gaba da watsa dusa. Ba ta sake faɗa ba, ni kuma na ɗauki shirunta na ce yarda ce, don haka ya fi mini sauƙi.

Sai da hatsi ya nuna motar likita ta shigo gari. Muka tafi ina jin tsoro, amma har da ɗan alfahari, don ƙyallen fari ne, ba ɗigon maiƙo. Muka tarar ba shi ba ne. Wancan ya tafi hutu ƙasarsu tun tuni, ba wanda ya ga ya dace a aiko a faɗa. Wannan yaro ne a kansa, mai jan gashi. Ya yanke ƙyallen, ya zaro audugar da ƙyar. Hannun ya fito siriri, fari fat, yatsu huɗu sun lanƙwashe sun dubi tafin hannu, tabon ya yi kauri ya tashi kamar an binne igiyar a ƙarƙashin fata. Ya kama yatsa guda ya ja. Bai motsa ba. Zufa kawai ke zuba daga haɓar Inna.

Ya jefar da almakashi. Ya yi wa majo faɗa, majo ya tsaya ƙiƙam yana duban bango. Sannan ya juyo kanmu. Ya ce wane irin mutane ne za su bar hannu a ɗaure wata uku. Ya ce tun da ciwo ya rufe ya kamata a riƙa murza shi kullum ana miƙe yatsun, da kowane irin mai, ko da man shanun da matanmu ke shafawa a ka. Ya ce haka muke kullum, sai abu ya lalace mu kwaso mu kawo. Ya ce yanzu ba abin da zai iya.

Amsar na bakina. Faransancina ya isa in ce masa ɗan'uwanka ne ya ɗaure, shi ya hana, shi ya tafi bai waiwayo ba. Na iya jimlar, har yau ina iya ta, na sha faɗinta ni kaɗai ina wanke-wanke. Amma ranar harshena ya ƙi. Na tsaya ina kallon takalmansa.

Kaka ta taɓa ni ta ce, "Mi yac ce?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Ke ɗiyar nan, ba don wannan anka kai ki ba? Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce da an murza."

"Da mi?"

"Da man shanu."

Ta daɗe tana dubana. Na so ta mare ni, da ya fi. Sai ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ce mishi mun gode. Ce mishi in can garinsu sun rasa mai murzawa, su aiko, akwai tsohuwa nan tana zaman banza." Na juya na ce masa mun gode. Sauran na haɗiye.

Da muka isa gida na buɗe akwati na fito da ƙoƙon, man ya yi tsami ya ɓata mini littafi biyu. Kaka ta aika aka karɓo sabo wurin Fulani. Ta jiƙa hannun cikin ruwan ɗumi, ta shafa mai, ta ɗora yatsunta. Kwana uku tana yi. A na huɗu ta kira ni bayan ɗaki, ta nuna mini manyan yatsunta sun kumbura suna rawa. Ta ce, "Da ɗanye ne da na iya. Wannan ya bushe, ƙarfi shika so, ni kuwa nawa ya tahi. Naki za a sa."

Na ce, "Ni? Ba za ta yarda ba."

"Na sani."

"Kuma jibi kamyo zai tashi, an koma lakwal."

"Wannan ma na sani. Ni dai na faɗa miki abin da hannu ka so."

Ban hau kamyon ba, wato babbar motar da ke kwasar mu. Ba jarunta ba ce, ƙafafuna ne suka ƙi zuwa tasha, kuma na yi kwanaki ina jin duk takun da ya doso gidanmu na gardi ne. Daga baya na ji majo ya rubuta cewa ciwon ƙirji ya kama ni, sai baɗi. Bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba. Kowa a cikinmu ya san abin da yake biya.

Inna kuwa da ta ji, sai ta ce wa Kaka gara hannun ya zauna haka. Ta ce tun yaye jikinta bai taɓa na yarinyar nan ba, ba za ta zauna gaba da gaba da ita mata na wucewa suna gani ba. Kaka ta ce, "Wa yac ce gaba da gaba?" Ta sa aka saki asabarin ƙofar ɗakin Inna har ƙasa. Inna ta zauna daga ciki, ta turo hannun ta ƙarƙashi, ta ɗora a kan wani ɗan turmi da aka kifa. Ni ina waje. Ba ta ganina, ba na ganinta. Abin da ke gabana hannu ne kawai, da yatsun ƙafarta da suka ɗan leƙo.

Ranar farko na kasa. Hannun uwata ne, ban san ɗuminsa ba, ban san yana da wani tsohon tabon wuƙa a babban yatsa ba. Kaka na zaune a kan tabarma tana ba da umurni kamar mai koran sa. "Ba bisa tabon ba, gefe nai. Zagaya. Ke tuwo kika shafa ma mai? Danna. Yanzu tsinke fatar ki ɗaga, kamar za ki raba ta da nama. Tura ta gicciye. To kama ɗan yatsan, ja shi sannu, in ya tsaya ki tsaya, ki riƙe har ki karanta Ƙulhuwallahu ukku." Na ce yaya zan san na kai inda ke mata zafi, tunda ba za ta yi magana ba. Kaka ta ce, "Dubi ƙahwa tata." Haka kuwa. In na ja har ya isa, sai yatsun ƙafar su lanƙwashe su kama ƙasa. Da su muka riƙa magana. In sun kama ƙasa in tsaya, in sun saki in ƙara. Bayan an gama a sa mata guntun karan hatsi a tafin hannu ta wuni da shi. Da kara ya yi sako-sako aka koma ƙotar lauje.

Hantsi da la'asar, kullum, tun ana yankan hatsi har aka gama ɗaurin rumbu, har sanyi ya zo ya wuce, har rijiya ta koma cika da raƙuma. Yatsuna suka yi kanta. Mata masu wucewa sukan tsaya su yi dariya, wata ta ce, "Madamu, wannan ma a lakwal anka koya miki?" Kaka ta ce, "A'a, can sun koya mata ɗaurewa." Manuniya ce ta fara saki, kaɗan, kamar faɗin ƙwayar wake. Na ruga na gaya wa Kaka, ta ce in daina murna in koma in danna. Sannan na tsakiya ya biyo. Babban yatsa dama da sauƙi. Amma biyun ƙarshe, inda igiyar ta fi ci, ko gezau. Na ƙara musu lokaci. Na riƙa ja har ƙafar Inna ta tona rami a ƙasa, ina ganin haka ina ƙarawa, don a raina in waɗannan biyun ba su buɗe ba to ban biya komai ba. Kaka ta daina ba da umurni. Ta koma zama tana kallon wani wuri.

Wata la'asar, zafi ya yi tsanani, gajimare ya fara taruwa ta gabas, Kaka ta tafi gaisuwar rasuwa. Ina riƙe da ƙaramin yatsan ina ja, sai na ji murya daga bayan asabari.

"Ke."

Na waiwaya in ga da wa ake. Ba kowa a gidan sai ni.

"Ke nika ma magana. Ya isa hakanan. Waɗanga biyu sun zamna."

Na ce, "Kaka ta ce in an daɗe ana yi..."

"Kakarki ta sani tun sanyi. Tausayinki taka ji."

Hawaye na zuba a kan man, ina ta shafawa da su. Na ce, "Ni na hana."

Ba ta ce ba ni ba ce. Ba ta ce ba komai ba. Sai na ji yatsun nan uku sun juyo sun kama babban yatsana, sun matse, sun ƙara matsewa har na ji zafi a ƙashi.

Ta ce, "Kin ji? Wannan ya riƙe taɓarya."

Ta janye hannunta ciki.

Washegari da hantsi na ɗora kasko bisa sabo, na kifa turmi a ƙofarta, na zauna. Hannu bai fito ba. Daga bayan ɗaki na ji an zuba hatsi, na ji taɓarya ta sauka, da hannu biyu. Bugu uku daidai, na huɗu ya ɗan goce, ta gyara riƙo, ta ci gaba. Haka dakanta ya zauna, ko cikin mata goma ina gane shi. Ta shuka gamanarta a shekarar, ta tatsa, ta tuƙa, ta aurar da ƙannena da abin hannunta. Ta bar duniya da yatsu biyu a naɗe, kuma ba ta sake ce mini ke ba.